Waya Ba Yaron Shago Ba Ce

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu koyar da kasuwancin kirifto a Facebook da TikTok da zaurukan Telegram, har ta kai idan mutum bai furta ta ba kamar bai kammala darasinsa ba. Cewa suke yi, "Ka saita odarka, ka ajiye waya, ka je ka yi barcinka, kasuwa za ta yi maka aiki." Wani zai ƙara da cewa abin da yake karya 'yan tiredin shi ne zuciya, wato tsoro da kwaɗayi, ita kuwa na'ura ba ta da zuciya, don haka duk wanda ya miƙa mata ragamar kuɗinsa ya tsira. Sai a ɗora hoton allon waya cike da korayen lambobi, a ƙasansa a ajiye mahaɗar rajista.

Na daɗe ina jin wannan magana ina kawar da kai, saboda ba na son a ce ina hana yara neman na kansu. Amma shirun ya isa haka. Maganar yaudara ce, kuma irin yaudarar nan ce mai wuyar ganewa, domin an gina ta a kan wata 'yar gaskiya da ba wanda zai musa. Gaskiya ne na'ura ba ta da tsoro, ba ta da kwaɗayi. Abin da ba a faɗa shi ne, ba ita ta rubuta odar ba. Kai ka rubuta ta, a lokacin da kwaɗayinka yake kan ganiyarsa, ita kuma ta adana shi yadda yake, ta jira sai ka yi barci ta aiwatar, lokacin da ba ka nan balle ka ce a dakata.

Bari mu fara da fayyace abin da ake magana a kansa, don kada a ce na soki abin da ban sani ba. Kasuwar kirifto ba ta rufewa. Kantin Kwari ana kulle shi da yamma, kasuwar hannun jari ta Legas tana hutun Asabar da Lahadi, amma Bitcoin ana saye ana sayar da shi dare da rana, ranar Sallah da ranar Kirsimeti. Tun da ɗan'adam ba zai iya zama a farke har abada ba, sai manhajojin cinikin suka tanadi hanyoyin da mutum zai bar sallahu. Akwai odar da za ka ce kada a saya maka sai farashi ya sauko wuri kaza. Akwai wadda za ka ce idan farashi ya faɗi ya taɓa wuri kaza a sayar da kayanka don asarar ta tsaya a nan, ita ce odar tsayar da asara. Akwai kishiyarta, wadda take sayarwa idan farashi ya hau ya kai inda ka sa rai, a kwashe riba. Akwai saye na ƙa'ida, inda za ka ce kowace Litinin a cire dala goma a saya maka kuɗi kaza, ko ya yi tsada ko ya yi araha. Akwai bot, wata 'yar manhaja da take jera odoji kamar matakalar tsani, ta saya duk lokacin da farashi ya sauka mataki ɗaya, ta sayar duk lokacin da ya hau mataki ɗaya. Sannan akwai kwafe, inda za ka ɗaure asusunka da na wani da aka ce gwani ne, duk abin da ya saya a saya maka, duk abin da ya sayar a sayar maka.

Waɗannan kayan aiki ne, ba ni da rigima da samuwarsu. Rigimata tana kan yadda ake tallarsu, kamar mutum ya samu amintaccen yaron shago da zai bar wa kanti ya tafi gida. Duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ya san dalilin da ya sa ake amince wa yaron shago. Idan Alhaji zai yi tafiya ya ce wa yaronsa, "Idan shaddar nan ta sauka ƙasa da kaza ka sallamar da ita, kada mu yi kwantai," sai washegari wani ya zo ya taya ta kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta, yaron ba zai sallama ba. Zai leƙa maƙwabta ya ji ko kasuwar ce ta karye da gaske, ko kuwa mai tayin ne yake neman banza. Zai ɗauki waya ya ce, "Alhaji, ga abin da ake ciki, yaya za a yi?" Ya fahimci abin da maigidansa yake nufi, bai tsaya a kan kalmomin da ya furta ba. Oda kuwa kalmomin kaɗai ta sani. Ba ta leƙa maƙwabta, ba ta kiran waya, ba ta kuma jin kunyar haɗa ido da kai gobe.

Ɗauki odar tsayar da asara, wadda ake nuna wa yara a matsayin garkuwa. Iri biyu ce, kowacce da ramin da take jefa mutum. Ta farko, da zarar farashi ya taɓa inda ka sa, sai ta koma umarnin a sayar nan take a kan duk abin da aka taya. Ka sa ta a dala 90, amma idan a wannan daƙiƙar masu saye sun janye, babu mai tayi sai a dala 60, to a 60 za a sayar, kuma ba wanda ya saɓa maka alkawari, domin dama ba a yi maka alkawarin 90 ba. Ta biyu, kana gindaya sharaɗin kada a sayar ƙasa da farashi kaza. Ita kuma idan farashi ya yi tsalle ya ƙetare sharaɗin naka, sai odar ta tsaya tana kallo, ba ta sayar da komai ba, kayanka yana ta gangarawa. Wato ranar da kasuwa take lafiya, duka biyun suna aiki sumul. Ranar da ta rikice, wadda dominta ka saka su tun farko, ɗaya ta sayar da kayanka a wulaƙance, ɗaya ta ƙi motsi. Mutum nawa daga cikin masu karɓar kuɗin darasi suka taɓa zaunar da ɗalibansu suka bayyana musu wannan?

Ba hasashe nake yi ba. Ranar 21 ga Yunin 2017, a kasuwar GDAX ta kamfanin Coinbase a Amurka, wani ya sako Ethereum na miliyoyin daloli a lokaci guda. Farashin yana sama da dala 300, ya rikito zuwa wajen 224. Wannan faɗuwar ta tayar da odojin tsayar da asara da na tilasta biyan bashi kimanin 800, kowacce tana sayarwa, kowace sayarwa tana ƙara danne farashin tana tayar da ta ƙasa da ita, har sai da aka sayar da Ethereum a kan santi goma. Cikin ɗan ƙanƙanin lokaci farashin ya koma kusa da inda yake. Wanda bai saka wata oda ba, kuma bai ci bashi ba, ya kwana da kayansa bai rasa komai ba. Wanda ya bi shawarar masana ya kafa garkuwa, shi aka sayar da dukiyarsa a kuɗin alawa. Daga baya kamfanin ya biya waɗanda abin ya shafa daga aljihunsa, amma wannan alfarma ya yi, ba dole aka yi masa ba. Ranar 21 ga Oktoban 2021 aka sake ganin makamancin haka a Binance.US, inda Bitcoin ya faɗo daga wajen dala 65,000 zuwa 8,200 cikin minti guda, sannan ya koma. Kamfanin ya ce kuskure ne a manhajar cinikin wani babban abokin hulɗarsa.

Mai karatu, lura da abin da ya faru a GDAX da kyau. Odojin sun kasa kare masu su, sannan su ne ma suka zama itacen da ya rura wutar. Duk odar tsayar da asara alkawarin sayarwa ce da ke jiran a taɓa ta, idan kuma suka taru a wuri ɗaya, taɓa ta farko ya isa ya zubar da sauran. Su kuwa malaman tiredin darasi ɗaya suke maimaitawa, wuri ɗaya suke koya wa dubban mutane su ajiye odarsu: ɗan ƙasa da inda farashi ya taɓa tsayawa a baya, ko ɗan ƙasa da cikakkiyar lamba irin 60,000. Manyan 'yan kasuwa ba sa buƙatar boka ya gaya musu inda ƙanana suka taru. Akwai ma shafukan intanet da suke zana taswirar wuraren da ake hasashen za a share masu cin bashi, kowa yana iya dubawa. Shi ya sa sau da yawa farashi yake saukowa ya lashe odar yaro, sannan ya juya ya hau daidai inda ya yi hasashe tun farko, shi kuwa an riga an fitar da shi. Sai ya zauna yana cewa ƙashin tsiya gare shi, ko an yi masa baki, alhali ajiye kayansa ya yi a inda kowa ya san ana ajiyewa.

Za a ce waɗannan tsofaffin labarai ne, kasuwa ta girma tun daga lokacin. To mu zo kusa. Daren Juma'a 10 ga Oktoban 2025, wajen ƙarfe goma agogon Najeriya, shugaban Amurka Donald Trump ya sanar da ƙarin harajin kashi 100 a kan kayan ƙasar Sin. Cikin awa 24 aka share cinikin bashi na sama da dala biliyan 19, na mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi, abin da kasuwar ba ta taɓa ganin irinsa ba kafin ranar. Ga wanda bai san cinikin bashi ba, shi ne ka ajiye dala 100 a ba ka damar yin ciniki kamar kana da 1,000 ko 2,000. Idan ninki goma ka ɗauka, farashi ya juya maka baya da kashi 10 cikin 100, jarinka ya ƙare. Ninki ashirin, kashi 5 ya isa. Ninki ɗari, kashi 1 kacal, motsin da Bitcoin yake iya yi kafin ka gama shan shayi. Ita ma wannan sharewar oda ce mai sharaɗi, sai dai ba kai ka rubuta ta ba. Kasuwar ce ta rubuta don ta kare kuɗinta, kuma ba ta neman izininka. Wanda ya saita odarsa bayan sallar isha a daren nan ya kwanta, ya bi darasin da aka koya masa sau da ƙafa.

Idan kuma kana ganin matsalar ta ƙananan mutane ce da ba su iya saiti ba, ka nemi labarin Knight Capital. Kamfani ne na manyan dillalan hannun jari a Amurka, da ƙwararrun masana kwamfuta da lissafi a ɗakunansa. Ranar 1 ga Agustan 2012 aka samu kuskure wajen ɗora sabuwar manhajarsa, na'urorin suka yi ta saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 ya yi asarar wajen dala miliyan 440, bai kuma sake tsayawa da ƙafarsa ba har aka haɗe shi da wani kamfani. Mutanen nan a farke suke, a gaban kwamfutocinsu, da rana tsaka, amma kafin su gano inda ɓarakar take an gama da su. Kai kuma da wayar da cajinta yake ƙarewa da data ta naira ɗari biyar, aka ce ka je ka yi barci.

Mafi sauƙin kai a cikin kayan nan shi ne saye na ƙa'ida, kuma na yarda yana da hikima. Mai sayen kaɗan-kaɗan kowane mako ba zai zuba dukkan kuɗinsa a ranar da farashi ya fi tsada ba. Har akwai masu kamanta shi da adashe. Amma adashe kuɗinka ne yake dawo maka idan zagaye ya zo kanka. Saye na ƙa'ida kuwa yana amfani ne kawai idan abin da kake saye zai farfaɗo, ita kuma odar ba ta san ko zai farfaɗo ba. Masu talla suna son misali da Bitcoin, wanda ya faɗo daga wajen dala 69,000 a Nuwamban 2021 zuwa wajen 16,000 a Nuwamban 2022, sannan ya haura 100,000 a Disamban 2024. Ba sa son misali da Luna, wanda a farkon Mayun 2022 yake wajen dala 80, yana cikin manyan kuɗaɗen kirifto goma na duniya, kafin tsakiyar watan ya koma bai kai santi ɗaya ba. Duk bot ɗin da aka ce ya saya idan farashi ya sauka, ya yi biyayya a makon nan: ya saya a 60, ya saya a 30, ya saya a 5, ya saya a 1, har kuɗin mai shi suka ƙare. Ɗan kasuwar Dawanau da yake sayen masara da kaka ya ajiye, ya san ko farashi ya karye akwai buhu a rumbu, iyalinsa za su tuƙa tuwo. Wanda bot ya tara wa Luna lambobi kawai aka bar masa a allo.

Yanzu mu zo tambayar da ta fi kowacce muhimmanci: wa yake cin ribar wannan tsari, ko kasuwa ta hau ko ta sauka? A manyan kasuwannin kirifto, abin da aka saba caja a kan ciniki ɗaya shi ne wajen kashi 0.1 cikin 100. Ba ya kama da komai, sai ka zauna ka yi lissafi. A ce jarinka naira 100,000 ne. Saye naira 100, sayarwa naira 100, zagaye ɗaya 200 ke nan. Idan bot ya juya jarin nan sau biyar a rana, naira 1,000 ta tafi. A wata, 30,000. Wato sai ya ciyo maka ribar kashi 30 cikin 100 a wata kafin ka ma dawo inda ka faro. Idan da bashin ninki kake yi, a kan jimillar da aka ninka ake cajar, ba a kan ɗan abin da ka ajiye ba. Mutum da hannunsa yana gajiya, yana tashi sallah, yana cin abinci, yana jinkiri. Bot ba ya ɗaya daga ciki, kuma duk motsin da ya yi akwai la'ada. Kana tsammanin don ƙaunarka kasuwannin suke ba da shi kyauta, suna ma tallata shi a shafin farko?

Shi kuma malamin da ya ce ka yi rajista ta mahaɗarsa, ka taɓa tambayarsa abin da yake samu? Kasuwannin suna da tsarin da suke ba wanda ya kawo mutum wani kaso daga la'adar duk cinikin da mutumin zai yi. Ribarka ba ta shafe shi ba, asararka ma haka. Abin da ya shafe shi shi ne yawan cinikinka, kuma babu abin da yake yawaita ciniki kamar na'urar da ba ta barci. Gwanin da ake kwafa shi ma yana yankar kasonsa daga ribarka ranar da aka ci, ranar da aka faɗi kuwa ba ya biyan ko kwabo daga asararka. A kasuwar shanu ta Wudil kowa ya san dillali yana cin la'ada, a fili ake ba shi, mai saye da mai sayarwa suna gani. Dillalin da ya ɓoye la'adarsa ya sa rigar malami, yana kiran mutane "ɗalibaina", wannan wani suna gare shi daban. Hoton ribar da yake ɗorawa ma ba hujja ba ce. Mai asusu biyu yana iya cin amanar ido cikin sauƙi, ya yi cinikin hawa a ɗaya, na sauka a ɗaya, ya nuna wanda ya yi kore. Haka ma jadawalin da ake nunawa na cewa da an kunna bot ɗin nan bara da an ci kaza. Bayan an ga amsar jarrabawa kowa gwani ne.

Akwai kuma batun mukulli. Bot ɗin da wani kamfani na waje ya ƙera ba zai iya yi maka ciniki ba sai ka ba shi wani mukullin sirri da zai shiga asusunka. Ana kwantar wa mutane hankali cewa mukullin na ciniki ne kawai, ba ya cire kuɗi. A Disamban 2022 kamfanin 3Commas, ɗaya daga cikin sanannun masu wannan sana'a, ya amsa cewa mukullan abokan hulɗarsa sun fita, bayan ya daɗe yana musantawa. Ɓarawo ba ya buƙatar cire kuɗi. Sai ya riƙe wani kuɗin kirifto da ba mai saye, ya sa masa farashin hauka, ya yi amfani da mukullinka ya sa asusunka ya saye shi daga hannunsa. Kuɗinka ya koma aljihunsa ta hanyar ciniki, kai kuma an bar ka da tarkace.

Ɓarnar da ta fi damuna ita ce wadda wannan magana take yi wa tunani. Wanda aka saba wa da cewa akwai na'urar da take haifar kuɗi yana barci, an gama shirya shi ga maci amana na gaba. Mun ga MMM, da ya yi alkawarin kashi 30 a wata, ya kulle asusun mutane a Disamban 2016. Mun ga CBEX, da ya ce ƙirƙirarriyar basira ce take yi masa ciniki, kuɗi zai ninka cikin kwana 30, ya rushe a Afrilun 2025, mutane suka fasa ofishinsa a Ibadan suna kwasar kujeru, hukumar EFCC ta shiga bincike. Mun ga yadda a 2024 manya da yara, a majalisa da bakin shago da cikin Adaidaita Sahu, suka yi wata da watanni suna dannan allon waya saboda Hamster Kombat, ranar rabo a Satumba da yawa suka tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba. Ban ce odar tsayar da asara da CBEX abu ɗaya ba ne. Na ce jimlar da ake tallata su da ita ɗaya ce, kuma kunnen da ya saba da ita ba ya iya bambance su. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kada kuma mu manta a ina muke zaune. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, aka rufe asusun mutane, sai a Disamban 2023 ya sassauta. A Fabrairun 2024 gwamnati ta tsare jami'an Binance biyu, a Maris kamfanin ya daina duk wata hulɗa da naira. Wace oda ce za ta hango takardar da za a sa wa hannu a Abuja gobe? Wane sharaɗi za ka rubuta wa bot game da ranar da hanyar mayar da kuɗinka naira za ta toshe?

Na san abin da za a mayar mini, kuma ba zan yi kamar ba shi da nauyi ba. Za a ce naira ta faɗo daga wajen 460 a kan dala a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, aiki babu, to ina ake so matashi ya sa kansa? Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya mayar da ɗan abin da ya tara zuwa kuɗin kirifto mai bin darajar dala don kada ya narke, ban ga laifinsa ba. Amma ajiya daban, tiredin daban, kuma talauci dalili ne na ƙara taka-tsantsan, tun da wanda ya yi asarar rabin jarinsa sai ya ci ribar kashi 100 kafin ya dawo daidai. Za a kuma ce mai ciniki ba tare da odar tsayar da asara ba ya fi kowa shiga haɗari. Wannan ma gaskiya ne ga wanda ya riga ya shiga, kamar yadda hular kwano take da amfani ga mai babur. Amma ba mai hankalin da zai ce tun da ka sa hular kwano ka rufe ido ka murɗa totur.

Game da halacci, malamanmu sun yi saɓani a kan kirifto, ni kuma ba mai fatawa ba ne. Abu ɗaya kawai zan tunatar: bashin da ake ba mai ciniki a kasuwannin nan da kuɗin ruwa yake zuwa, cinikin ninki kuma akwai kuɗin da ake yanka tsakanin ɓangarori, a wurare da yawa duk bayan awa takwas. Wanda ya ɗaure asusunsa da na wani gwani, ko ya kunna bot bai san saitinsa ba, yana iya shiga abin da da kansa ba zai yarda ya shiga ba. Wakilci bai taɓa ɗauke wa mutum nauyin abin da aka yi da sunansa ba.

Abin da ake kira rauni a cikin ɗan'adam, wanda aka ce na'ura za ta raba mu da shi, a wurina shi ne abin da ya daɗe yana tsare dukiyar talaka. Jinkirin nan da mutum yake yi kafin ya danna. Kwanan da yake yi a kan shawara. Tambayar da matarsa za ta yi masa, "Maigida, kuɗin makarantar yaran nan fa?" Kallon da yayansa zai yi masa idan ya ce zai sayar da filin gado. Faɗuwar gaban da take sa shi ya ce a bari sai gobe. Waɗannan su ne birkin, kuma duk oda mai aiki da kanta an ƙera ta ne don ta zagaye su. Barcin da aka yi alkawari ma ba a samunsa. Ban taɓa ganin wanda ya bar kuɗin hayarsa a hannun bot ya yi minshari ba. Ƙarfe uku na dare yana ƙarƙashin bargo yana duba allo, da asuba idonsa ja, ga kuɗin ba a hannunsa ba, ga zuciyar da aka ce an cire tana ta bugawa.

Don haka ga abin da nake nema. Masu koyarwa, ku faɗa wa ɗalibanku a fili nawa kuke samu daga cinikinsu, ku kuma nuna tarihin asusunku na shekara guda cur, da jansa da korensa, ba hoton rana ɗaya ba. Ku daina cewa oda tana tsayar da asara ba tare da kun bayyana ranar da ba ta tsayarwa ba. Hukumar kula da hada-hadar hannun jari, wadda dokar 2025 ta ɗora wa alhakin sa ido a kan kadarorin dijital, ta dubi masu talla da harsunan gida, domin yaudarar da ake yi da Hausa ba ta fi wadda ake yi da Turanci sauƙi ba. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka kunna kowace oda ka amsa tambaya uku. Idan farashi ya faɗi rabi cikin minti ɗaya, me wannan odar za ta yi? Nawa zan biya na la'ada a wata, kuma wa zai ci? Idan na farka na tarar babu komai, wa zan kalla in gaya wa? In ba ka da amsar ta farko da ta biyu, ba ka san abin da kake kunnawa ba. In amsar ta uku ta sa gabanka ya faɗi, to kuɗin nan ba na wannan kasuwa ba ne, ka mayar da shi inda ka ɗauko shi.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mana guminmu.